Kwana tara da barin nama da nono da ƙwai, jiri nake gani: me zan ci?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi mini dariya, wadda aka yi mini a gida ta ishe ni. Wata biyu da suka wuce na je awo aka ce jinina ya hau, kitsen cikin jinin ma ya wuce ƙa'ida. Likita ya ce in rage jan nama da man shanu da soye-soye. Mahaifiyata shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da ita shekara huɗu kafin Allah Ya karɓi abarsa, ni na yi jinyarta, shi ya sa da na ji maganar nan jikina ya yi sanyi. 'Yata da ke jami'a ta turo mini bidiyon masu tsarin nan da ake kira bigan, waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono. Na ce bari in gwada na wata uku in koma awo in gani.

Yau kwana tara. Da safe burodi da baƙin shayi, da rana taliya da manja, da dare in ɗan taɓa tuwo in bar miyar tunda da nama aka yi ta. Jiya ina rubutu a allo sai da na dafa tebur, ajin ya riƙa juya mini. Abincin da nake gani a bidiyon kuwa, su kinuwa (wata tsaba ta ƙasar waje) da madarar almon, na shiga wani babban kanti a Kaduna na duba kuɗinsu, na ajiye musu kayansu na fito a hankali. Albashin malamar firamare gare ni. Akwai wanda ya taɓa yin abin nan a ƙasar Hausa ya kai labari?

Ɗan Sarkin Fawa:
Wa alaikumus salam. Hajiya ga maganin jiri nan a tukubata, tsinke biyar da albasa, kafin ki isa gida kin warke. Akuya ma in ta samu dusa ba ta waiwayar ganye.

Mai Unguwa (adimin):
Ɗan Sarkin Fawa, baiwar Allah ta ce kada a yi mata dariya. Mai shawara ya bayar, marar ita ya yi karatu.

Inna Mai Awara:
'Yata, ba barin nama ne ya sa ki jiri ba, yunwa ce tsagwaronta. Kin cire abu daga kwano ba ki mayar da komai a gurbinsa ba. Burodi da taliya ai duk fulawa ce, kin yini kina cin fulawa da mai.

Ni a ƙauye na tashi, can wajen Ɗambatta. Nama a gidanmu sai Sallah, sai suna, sai kuma in kaza ta fara gyangyaɗi a yi maza a sa mata wuƙa. Amma maza su yini suna huɗa ba wanda ya dafa bango. Me muke ci? Koko da ƙosai. Ɗanwake. Garau-garau. Dambu da zogale. Kwaɗon rama da ƙuli. Faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Dafaffiyar gurjiya, muna tafe muna ɓarewa. Tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa da wake. Miyar taushe da kabewa. Duba duk abin da na lissafa ki nuna mini dabba a ciki. Abin da Bature ya raɗa wa suna yake sayarwa a kwali, mu talauci ya koya mana shi tun kafin a haifi uwarsa.

Gobe ki karya da kunun gyaɗa da ƙosai bakwai. Da rana shinkafa da wake, amma waken ya rinjayi shinkafar, ba irin ta masu sayarwa da sai ka sa fitila kake ganin wake ba. Ki yanka tumatir da albasa da kabeji a kai. Da dare tuwonki da miyarki. In kin ƙara ganin jiri ki zo ki kama ni.

Maman Hanif:
Inna Allah Ya saka da alheri, wallahi kunya ta kama ni, duk waɗannan ina dafa su amma ban taɓa lissafa su a cikin tsarin ba. Matsalar miyar ce. Tukunya ɗaya muke yi, maigida da yara huɗu, kuma ana kai wa surukata kwano. Ba zan hana su namansu ba.

Inna Mai Awara:
Wa ya ce ki hana su? Ki sayi 'yar ƙaramar tukunya. In kin soya kayan miya, kafin ki zuba romo da nama, ki ɗebi ludayi biyu ki juye a taki. Sirrin miyar da ba nama abu uku ne: albasa ta soyu har ta yi ja, daddawa mai kyau ta kalwa a daka ta da citta da masoro da tafarnuwa, sai abin da zai ba ta jiki, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko agushi ko wake da aka surfa aka dafa ya narke. Ki soya awara ki jefa a ciki ta sha miya. Ranar da maigidan ya ɗanɗana taki, tukunyar za ta yi miki kaɗan.

Amma ki kula da awarar titi, da yawa yanzu a ruwan ƙwai ake tsoma ta kafin a soya. Alala ma ana sa mata kifi ko ƙwai. Ki riƙa tambaya.

Anti Bilki:
Maman Hanif sannu da jiki. A sashen kula da abincin marasa lafiya nake aiki, bari in ɗora a kan maganar Inna, sannan in ɗan saɓa mata a wuri ɗaya, Inna a yi mini afuwa.

Maganar furotin, wato sinadarin gina jiki, Inna ta gama ta. Babban mutum yana buƙatar kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In nauyinki kilo 70 ne, giram 56 ke nan. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana ba da kusan giram 13, cikin tafin hannu na gyaɗa kusan 7, hatsin da kike tuwo da shi ma yana da nasa. Busasshen waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin ukunsa furotin ne. Abin da hatsi ya gaza a kai wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai hatsi yana da shi, shi ya sa shinkafa da wake ko koko da ƙosai suka zama haɗin da ya dace. Ba dole sai a kwano ɗaya ba, in dai sun haɗu a cikin yinin ya wadatar. Dokar da nake ba masu farawa: kada a sauke tukunya sau uku a rana ba tare da wake ko awara ko gyaɗa ko gurjiya ko riɗi sun shiga biyu daga ciki ba.

Inda na saɓa wa Inna shi ne, a lissafinta ta manta da ƙwaryar fura da nono. Mutanen da suke huɗar nan suna shan nono kusan kullum, ana jefa ɗan busasshen kifi a miya, ana cin fara, ana samun ƙwan zabi da damina. Ba bigan ba ne su, masu ƙarancin nama ne. Wannan ɗan abin da ake rainawa shi yake ba su bitamin B12, kuma shi ne abu ɗaya da ba za ki samu a wake ko ganye ko hatsi ba. Jiki yana buƙatarsa don ƙera jini da kuma lafiyar jijiyoyi. Abin da ake nema kaɗan ne, maikurogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana cewa garau yake alhali rumbu ne yake ƙarewa. Duk wanda ya bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya, dole ya sha ƙwayar B12. Ƙungiyar masu tsarin ta Ingila da kanta abin da take faɗa ke nan: aƙalla maikurogiram 10 kullum, ko 2000 sau ɗaya a mako. Na makon ya yi yawa haka ne saboda hanji kaɗan yake iya tsotsa a lokaci guda.

In kin je kemis kada ki ce a ba ki "bi-kwamfiles" ki taho. Da yawa daga cikin ƙananan ƙwayoyin nan masu arha babu B12 a cikinsu. Ki juya kwalin ki karanta da idonki.

Inna Mai Awara:
Gaskiyarki Bilki, furar ta shige mini. Kullum da azahar 'yar Fillo tana ƙofar gida, mu ba ma lissafa ta a abinci, ruwa muke ɗaukarta.

Dakta Ganye:
Duk wannan ƙwayoyin Bature ba a buƙatarsu. Zogale yana ɗauke da dukkan sinadaran da jikin ɗan Adam yake nema. Cokali ɗaya na garinsa safe da yamma. Mai buƙata ya same ni ta akwatin sirri, ana aikawa kowace jiha.

Anti Bilki:
Malam, zogale abinci ne mai kyau, ina sa marasa lafiya su ci. Amma ba zai ba ta B12 ba, daddawa ma ba abin dogaro ba ce a nan. Ko koren garin nan na tafki da matan Kanembu suke kwasa a yankin Tafkin Chadi suna busarwa, wanda Turawa suke sayarwa da tsada da sunan sifirulina, abin da ke cikinsa mai kama da B12 ne, jikin mutum ba ya amfana da mafi yawansa. Kada a sa baiwar Allah ta lalata jijiyoyinta saboda cinikin gari.

Mai Unguwa (adimin):
Talla ranar Asabar ce kawai. Na goge lambar wayar.

Sadik Legas:
Maman Hanif, ki riƙe maganar Anti da hannu biyu, ni ne shaida. Shekarata ta uku da barin kayan dabba na fara jin kamar kiyashi yana tafiya a tafin ƙafata. Sai mantuwa, in shiga ɗaki in tsaya ina tunanin me ya kawo ni. Harshena ya yi ja ya yi sulɓi, yaji kaɗan sai hawaye. In na hau bene sai haki. Na sha maganin maleriya da taifot ya fi sau uku, a gida aka ce sanyi ne, wata gwaggona ta ce sammu ne aka yi mini a wurin aiki, har rubutu aka aiko mini daga Kano a galan. A wani asibiti ma ƙwayar folik asid suka ba ni suka sallame ni, ashe ita tana gyara awon jini ta rufe matsalar, jijiyoyi kuma suna ci gaba da lalacewa. Sai da wata likita ta tambaye ni me nake ci, ta tura ni gwajin B12. Allurai na sha. Mantuwar ta tafi, amma babban yatsan ƙafata na hagu har yau bai dawo daidai ba.

Ban koma cin nama ba, shekara shida ke nan. Ƙwayata tana kusa da buroshin haƙorina, kowace Juma'a. Abin da ya fi ba ni haushi, kuɗinta na wata bai kai na katin da nake sa wa waya a mako ba.

Sai abu na biyu da ba wanda ya gaya mini: makon farko da ka ƙara wake, cikinka zai zama gidan biki. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa ya yi luguf, kuma ki riƙa ƙarawa a hankali. Wanda aka surfe, irin na alala da ƙosai, ya fi sauƙi a ciki. Bayan 'yan makonni ciki yana sabawa.

Ɗan Sarkin Fawa:
To kun ji. Tsarin da sai an haɗa da kemis ai ba tsari ba ne. Hanta tsinke ɗaya ta gama wannan rigimar. Kuma Malam yana nan, a tambaye shi hukuncin wanda ya ƙi abin da Allah Ya halatta.

Malam Sani:
Tunda an kira ni. Maganar tana komawa ga niyya. Wanda ya ce nama haramun ne, ko ya bar shi da ganin hakan ibada ce da za ta ƙara kusanta shi ga Allah, wannan ya yi kuskure. A Suratul Ma'ida aya ta 87 an hana mu haramta daɗaɗan abubuwan da Allah Ya halatta mana. A ruwayar Muslim, cikin mutanen nan da suka so su tsananta wa kansu har da wanda ya ce ba zai ci nama ba, Annabi (SAW) bai yarda da hakan ba. Amma wanda ya bari don lafiyarsa, ko don ransa ba ya so, yana kuma sane da cewa halal ne, babu laifi a kansa. Mai ciwon suga yana barin zuma, ba wanda ya ce ya ƙaryata Suratun Nahli.

Kai kuma Ɗan Sarkin Fawa kada ka yi murna da wuri. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo Sayyidina Umar yana gargaɗi a kan nama, ya ce yana da jaraba irin ta giya. Nana A'isha kuma ta ba da labarin ana yin wata biyu ba a hura wuta a gidajen Annabi (SAW) ba, sai dabino da ruwa. Cin nama safe da rana da dare ba shi ne sunna ba.

Abin da zan ja hankalin Maman Hanif a kai: layya tana nan a kan mai hali ko ba zai ci ba, a yanka a rabar. Kuma kada abin ya zama sanadin raina kwanon mutane.

Ummi Zazzau:
Ni fa ba don hawan jini na bari ba, kuma ina ganin an bar asalin maganar. Wanda ya ƙirƙiro kalmar, Donald Watson, a Ingila a 1944, tausayin dabbobi ne ya sa shi, shi ya sa masu tsarin na gaske ko zuma ba sa sha, ko takalmin fata ba sa sawa. Ku tsaya a bakin titi ku ga yadda ake ɗaure kaji ashirin a bayan babur kai a ƙasa cikin rana. Ku ga tirelar shanu da ta taso daga Potiskum za ta Legas, an ɗaure ƙaho da ƙaho, kwana da kwanaki a hanya. Ni tun ranar da na ga an sauke wata saniya da karyayyiyar ƙafa ana jan ta da wutsiya na kasa haɗiye nama.

Ɗan Sarkin Fawa:
Ƙanwata, yanzu zan ajiye wasa. Abin da kika gani gaskiya ne kuma zalunci ne, mu ma yana ci mana rai. Mahaifina ba ya wasa wuƙa a gaban dabba, ba ya yanka wata a gaban wata, sai ya ba ta ruwa tukuna, kuma ya taɓa korar yaro daga aiki don ya doki rago da ƙafa. Addini ya ce in za a yanka a kyautata yanka. Gyara za a yi. Amma in kowa ya bi ki, Bafulatanin da ke daji da matarsa mai tallar nono, da mai jima, da dukawa, da mu, ina za mu? Ƙasar da makiyayi yake kiwo a can arewa, wani wurin ko gero ba ya yi, ciyawa ce kawai, saniya ce take mayar da ita abinci.

Ummi Zazzau:
Ban ce kowa ya bi ni ba Yaya. Cewa na yi ni na kasa. Kuma da duk mahauta irin Baba ne da ban kai nan ba.

Zara'u Maraɗi:
Ku bar gardamar nan ku ba matar abinci. Maman Hanif, mu nan Nijar kwaɗon zogale abincin kowa ne, Zabarmawa suna ce masa kwabto, har ma'aikatan ofis shi suke aikowa a sayo musu da rana. Ki dafa zogale ki matse, ki dama ƙuli ko tunkuza da ɗan ruwa, albasa, tumatir, tattasai, ki matsa lemun tsami. In kin zuba shi a kan dambu kin gama da yunwa har la'asar. Ni lokotoro ya hana ni jan nama shekara biyu ke nan, kifi kawai nake ɗan taɓawa. Abin da ya fi ba ni wuya ba naman ba ne, hura ce. Na koma dama ta da madarar waken suya da ɗan tsamiya, ba ta kai ta nono ba, kada in yi miki ƙarya, amma tana shiga.

Anti Bilki:
Lemun tsamin da Zara'u ta ambata ba don daɗi kawai ba ne. Sinadarin ayan, mai ƙara jini, wanda ke cikin wake da ganye bai kai na nama saurin shiga jiki ba. Bitamin C yana taimaka masa: lemun tsami, ɗanyen tumatir, tattasai, gwaiba, garin ƙwame na kuka. Shayi kuma yana tare shi. Baƙin shayin nan da kike kora burodi da shi, ki matsar da shi ya zama awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Mace mai al'ada ta fi kowa buƙatar kula da wannan. Don ƙashi kuma, miyar kuka da riɗi da zogale suna da kalsiyam, kada su yanke a gidan.

Sai abin da ya kai ki asibiti tun farko, don kada garin gyaran gira a rasa ido. Hawan jini ya fi jin gishiri a kan nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi da dunƙulen miya da yaji. Mutum zai bar nama ya riƙa jefa dunƙule biyar a miya don ta yi daɗi, ya koma gidan jiya. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce, sodiyam ne a cikinta, don haka ɗanwake da miyar kuɓewa a rage musu hannu. Awarar da aka soya a man da ya yi baƙi, da ƙosai kullum, da lemon kwalba, duk ba dabba a cikinsu amma ba za su sauke miki kitse ba. Ki riƙa gasa awarar ko ki jefa ta a miya haka nan. Zoɓo ba suga yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin magani. Kada ki ajiye ƙwayar hawan jininki sai likitanki ya ce.

Ra'ayina kuma, tunda likita cewa ya yi ki rage, da za ki bar ɗan kifi ko kindirmo sau biyu a mako da kin huta da rabin wahalar nan. In kin zaɓi ki bari duka, yana yiwuwa, da sharaɗin B12. Yaran kuma a bar musu ƙwansu da nononsu. Mai ciki da mai shayarwa da mai sikila kada su fara sai sun zauna da likita.

Angon Bana:
Anti tambaya, ba don ni ba, wani abokina ne. An ce awara tana rage wa namiji ƙarfi, wai akwai sinadarin mata a waken suya?

Inna Mai Awara:
Shekara goma sha tara ina sayar da awara, rabin masu layi a gabana magidanta ne, kuma duk shekara sai an kawo mini goron suna. Ka gaishe da abokin naka.

Anti Bilki:
An yi gwaje-gwaje da dama a kan maza, da aka tattara su ba a ga waken suya ya rage sinadarin mazantaka ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin awara. Ango ya kwantar da hankalin abokinsa.

Alhajin Dawanau:
Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwar hatsi ne, ta nan zan taimaka. Duk duniya ba ƙasar da ta kai Najeriya noman irin waken nan namu, Nijar ke bi mata. Riɗin da ake lodawa daga nan zuwa waje shi za a matse a sa a kwalba a dawo miki da shi kantin da kika gudo. Ki saya a mudu lokacin kaka.

Amma tunda wake zai zama namanki, ki san wanda kike saya. Wasu suna zuba masa maganin ƙwari don kada ya yi gunda, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu ke nan a 2015. Ki ɗebo ki shinshina, in kin ji warin magani ki bar shi ko nawa aka rage miki. Wake mai 'yar huda nan da can ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda ya shekara sumul ko ƙuda ba ya sauka a kai. In za ki ajiye, ki nemi buhun nan mai leda biyu a ciki, ko jarka mai murfi, ki cika ta dam ki toshe, ƙwaron yana mutuwa da kansa ba magani. Gyaɗa kuma ki tsince wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ko take ɗaci, ki zubar, tana da dafin da ke taɓa hanta. Ƙuli ma ki saya wurin wadda kika san irin gyaɗar da take aiki da ita.

Abdul Nima:
Gaisuwa daga Ankara. Abin dariya, a nan Gana shinkafa da waken da kowa ke layi a kai da safe sunanta waakye (ana furta shi "wace"), daga kalmarmu ta wake, da karan dafi ake dafa ta ta yi ja. Koko da ƙosai ma kokon Hausa suke ce masa. Turawa masu tsarin nan in sun zo yawon buɗe ido su suke nema, Hajiya kuma tana Zariya tana neman kinuwa.

Ɗan Sarkin Fawa:
An ce masu abin nan suna cin wani wai shi naman kaza, na yi murna na ce ashe ana tare, sai aka nuna mini laimar kwaɗi.

Maman Hanif:
Salamu alaikum, na dawo da rahoto, yau mako shida. Jiri ya tafi tun a makon da na bi jadawalin Inna. Na samu B12 a kemis na uku da na shiga, biyun farko bi-kwamfiles suka miƙo mini kamar yadda Anti ta faɗa, na juya kwali na mayar musu. Ranar Juma'a nake sha, na kwaikwayi Sadik. Jinin ya ɗan sauka, nas ta ce in ci gaba da magani, awon kitse sai wata mai zuwa. 'Yar tukunyata kuwa Hanif ya gano ta, yanzu sai na ɓoye.

Abu ɗaya ya faru. Ranar Lahadi aka yi suna a gidan ƙanin maigida. Surukata ta kira ni ɗakinta, ta buɗe kwano, ta zaɓo tsoka da hannunta ta miƙo mini, ta ce ta lura na rame, ko ɗanta ne ba ya cefane. Tsohuwa ce mai shekara kusan tamanin. Na karɓa na ci, na yi mata godiya.

Ummi Zazzau:
To Anti ai kin karya, yanzu ba za a kira ki bigan ba.

Maman Hanif:
A kira ni duk abin da aka ga dama ƙanwata, ni dai ba zan mayar wa Hajiya hannu ba. Washegari na koma kan wakena.

Inna, tambaya. Na gwada awara da kaina jiya. Na jiƙa, na kai markaɗe, na tace, na ɗora a wuta, na zuba ruwan tsami, amma ta ƙi haɗuwa, da na zo yankawa sai ta wargaje kamar dambu. Me na yi ba daidai ba?

Inna Mai Awara:
Garaje kika yi. Sai madarar ta tafaso sosai ta taso, sannan ki rage wuta ki riƙa zuba ruwan tsamin kaɗan-kaɗan ta gefe, kada ki juya da ƙarfi. In kin ga ta dunƙule ruwan ya koma garau kamar ruwan lemo, ki tsaya haka. Ki kwashe da zafinta ki zuba a ƙyalle, ki ɗaure tam, ki ɗora mata turmi ko dutsen niƙa ta yi awa guda. Ruwan da ya tsane kada ki zubar, ki rufe shi a roba ya kwana biyu, shi ne ruwan tsaminki na gaba. Wadda ta wargaje ɗin ma ki soya ta da albasa da attaruhu ki sa a burodi, yara za su ɗauka ƙwai ne. Dusar kuma ki aika wa Ɗan Sarkin Fawa, ya ce akuyarsa ba ta cin ganye.